Yadda Zakariya'u Ya Kori Rezon Maƙwabci

A Zango ta Damagaram, in abu ya lalace a gida sai a ce a kira mai gyara. A gidan Kaka Kaltuma kuwa, in abu ya lalace maza ake yi a ɓoye shi kafin Zakariya'u ya gani. Jikanta ne, magidanci da gemunsa, kuma babu abin da Bature ya ƙera wanda bai ce ya iya gyarawa ba. Ya gyara rediyon liman, tun ranar ba ta kama komai sai ƙugi. Ya gyara fankar matarsa Lubabatu, ta koma tana hura wa bango iska. Duk da haka da kansa ya sa aka rubuta masa "Mai Nasara" a bayan babur, babur ɗin da muka fi ganin yana turawa a kan yana hawa.

Abu ɗaya ne ya taɓa yi ya yi kyau, shi ya sa ya hana mu sakat. Wata rana ya dawo daga kasuwa da wani baƙin akwati mai ƙananan fitilu, ya kafa shi a bangon ɗakin Kaka, ya jona masa kuran, wato wutar lantarki, ya taho fada inda muke shan shayi yana cewa ya jawo duniya cikin gida. Muka yi ta dariya. Amma da ya koma da yamma sai ya tarar da Kaka zaune gaban kwamfuta, wadda mu nan muke ce wa ordinatar, tana hira ido da ido da Ummul Khairi. Ummul Khairi ƙanwarsa ce, Kaka ta raine ta tun tana goye, aure ya kai ta Kanada. Da aka tambaye shi ina yake biyan kuɗin wata, ya ce wanda ya iya jonawa ba ya biya.

Tun daga nan kowace Juma'a Kaka sai ta share ɗaki, ta ci ado, ta zuba turaren wuta a kasko ta ajiye ƙarƙashin tebur. Babarbariya ce ta asali, ba ta karɓar baƙo a ɗakin da babu ƙamshi, ko da baƙon ta cikin gilashi zai leƙo.

Akwai kuma maƙwabci, Alhaji Safiyanu mai shagon yadi, wanda bango ɗaya ya raba gidansa da nasu. Wata damina Zakariya'u ya ce zai ƙara wa indararon gidansu tsawo, ya ƙara, ruwan farko ya zuba kaf cikin zauren Alhaji. Alhaji ya kai magana wajen mai unguwa, aka ce a cire. Shi ke nan Zakariya'u ya ɗaura gaba. Ya rantse ba zai ƙara yi wa Alhaji magana ba, ba zai sha ruwan gidansa ba, ko inuwar bangonsa ba zai bi ba. Kuma ya cika, don da tsakar rana za ka gan shi yana bin tsakiyar lungu yana gumi, inuwa na gefe ba kowa a cikinta.

To, ana nan Ummul Khairi na da tsohon ciki, sai Zakariya'u ya ce ordinatar ta sha ƙura. Ya kwance ta, ya hura mata famfon keke, ya mayar ya ɗaure, kusoshi suka rage masa cike da marfin kwalba. Ba ta ƙara farkawa ba. Ummul Khairi ta haifi namiji, ta aiko da sabuwa ta hannun wani matafiyi, ta iso Damagaram ana gobe suna.

Kaka ta tsufa, idonta ya yi rauni. Fuskar mutum a wayar salula ba ta ganinta, ga shi rezon salula, wato netwok, a lungunmu murya ma da ƙyar yake ɗauka. Da aka ajiye kwalin a gabanta ta shafa shi ta ce, "Ni dai in ga fuskar yaron nan, in ji an raɗa masa suna da kunnena. Ban sani ba ko zan kai zuwansu." Wannan magana ta taɓa kowa a gidan. Zakariya'u ma ta taɓa shi, ya buga ƙirji ya ce aikin ƙiftawar ido ne. Shi dama ya gama yanke wa kansa cewa sunansa za a sa wa yaron. Har sabuwar shadda ya ɗinka, kuma duk wanda ya gamu da shi sai ya ji labarin takwara.

Safiyar Kanada ita ce azahar ɗinmu, don haka akwai lokaci. Ranar sunan da hantsi muka yi sallama muka shiga ni da Ɗan Azumi, ɗan kabu-kabu, abokin Zakariya'u tun na yarinta. Muka tarar ya naɗe hannun riga, ya baza kayan aiki a tabarma, har da guduma.

Kaka ta ce, "Angon banza, tashi ka je kasuwa ka sayo mana goro. Kafin ka dawo mun gama shara."

"Goro? Kaka, likita na tsakiyar fiɗa a aike shi sayen goro?"

Kaka ta dubi Lubabatu. Lubabatu ta gyara murya ta ce, "Maigida, ɗazu na ji Ɗan Azumi na cewa motonsa ya ƙi tashi. Ko za ka je ka duba masa?"

Ɗan Azumi ya zabura. "Ni? Allah ya kiyaye! Motona lafiyarsa ƙalau, kuma ina so ya ɗore a haka."

Ba su samu sun fitar da shi ba. Ya buɗe ordinatar, ya danna, ta kawo haske, ya juyo ya kalle mu kamar shi ya ƙera ta. Ya je wurin da ake zaɓen rezo. Suna ɗaya tal ya fito, da manyan baƙaƙe, sandunan da ke nuna ƙarfinsa a cike: SAFIYANU. A ƙarƙashi ana neman a sa lambobin sirri.

Ɗan Azumi ya leƙa. "To ina naku?"

"Namu yana da tarbiyya, ba ya tallar kansa."

Kaka ta ce a hankali, "Da ka bari an kira Barira ta..."

Barira matar Alhaji ce. Zakariya'u ya ɗaga hannu. "Kaka, ina ganin girmanki. Kada a ƙara ambaton mutanen can a gidan nan ina tsaye."

"To zauna mana," in ji Kaka.

Bai zauna ba. Ya ce sabuwa ce, ba ta saba da akwatin ba, sai an gabatar da su. Ya ciro akwatin daga bango ya ɗora ordinatar a kansa. Shiru. Ya juya, ya ɗora akwatin a kan ordinatar. Shiru. Ya jawo wata waya mai zagayayyen kai daga bayan akwatin, ya bi ramukan ordinatar ɗaya bayan ɗaya, ba inda ta shiga. Ya ce Turawan yanzu ba sa auna rami, ya zaro wuƙa zai faɗaɗa. Lubabatu ta yi tsalle ta rungume ordinatar tana salati.

"Mace ba ta san aiki ba," in ji shi. "To a bar ramin. Kuran ne ya yi kaɗan."

Ya bi gidan yana zare komai. Ya zare firigo da aka cika da lemun baƙi. Ya kawo ralanj, wayar nan mai bakuna da yawa, ya jona wata a kan wata, sannan ya fere wayoyi biyu da haƙori ya murɗe su wuri ɗaya don, a faɗarsa, ƙarfin ya taru. Ya soka. Muka ji tas! Wani shuɗin haske ya gifta, ƙauri ya tashi, fanka ta tsaya, fitilun akwati suka mutu. Gefen gemunsa na dama yana hayaƙi.

"Me ya faru?" in ji Kaka.

"Ƙarfin ya taru," in ji Ɗan Azumi.

Kuran gidan ya tafi ke nan, ordinatar ta koma kan batir. A daidai lokacin matan unguwa da Kaka ta gayyata suka fara shigowa da mayafansu, suna zazzaune a tabarmi, ana barka ana tambayar ko an fara ganin jariri. Zakariya'u ya ce saura ƙiris. Ganin jama'a ya ƙara masa ƙarfi. Ya ce rezo ba ya zama wuri ɗaya, bin sa ake yi. Ya ɗora ordinatar a faifai, ya tallabe, ya shiga zagaya tsakar gida yana taku a hankali. Ya je madafa, ya je bakin rijiyar da ta ƙafe, ya leƙa bayan gida. Wata tsohuwa ta tambaya ko sadaka ake rabawa.

Ya fita lungu, mu ma muka bi shi. Mai shayi ya bar shayinsa, 'yan kabu-kabu suka kashe injin, masu garuwa suka ajiye kura. Duk inda ya nufa, SAFIYANU ne. In ya yi nisa sandunan su ragu, in ya dawo su ƙaru. Da ya koma ɗakin Kaka ya matsa jikin bangon da ya raba gidajen biyu, sai suka cika fal.

Nan ya tsaya cak. Ya ajiye faifan, ya fito tsakar gida, idonsa ya yi ja.

"Jama'a, ku shaida! Na gano. Ni ruwa na zuba masa bisa kuskure, shi kuwa rezo yake zubo mana da gangan. Ya juyo shi cikin ɗakin tsohuwa, ya cika ɗakin, namu ya rasa inda zai tsaya. Ramuwar indararo ce!"

Wata mata ta ce, "Ikon Allah. Rezo ma danne ɗan'uwansa yake?"

"Kamar zakara biyu a akurki ɗaya."

Lubabatu ta ce, "Maigida, don Allah ka saurara..."

"Bayan suna."

Ya nufi rumfar awaki, ya fizge kwanon rufinta. Ginshiƙin ya kwanta, awaki suka watse. Babbar ta nufi tiren alkakin da aka tanada wa baƙi, ƙananan suka shiga tsakanin mata, aka tashi ana kai-kai ana jifa da takalma. Shi ko a jikinsa. Ya ja kwanon ƙarara har ɗakin Kaka, ya jingina shi a bango, ya leƙa ordinatar. Sanda ɗaya ta ragu.

Wallahi da ba ta ragu ba da abin ya tsaya nan. Amma ta ragu, kuma a gaban shaidu.

"Kun gani? Ya fara ja da baya! Yanzu zan bi shi har tushensa."

Kaka ta yunƙura za ta tashi, gwiwa ta ƙi. "Zakariya'u! Zo nan in gaya maka wata magana!"

"In na sauko, amaryata."

Ya kafa tsani ya haye soro da sabuwar shaddarsa. A nan garin, ko yaron da ya fara hankali ya san in namiji zai hau soro sai ya ɗaga murya ya sanar, don matan maƙwabta su shiga ɗaki ko su rufe kai. Zakariya'u ya sani sarai. Amma sanarwa magana ce, kuma za ta faɗa cikin gidan Alhaji, shi kuwa ya rantse. Don haka ya hau shiru.

Barira tana zaune a tsakar gidanta ba ɗankwali, ta ƙunsa lallen suna, ƙafafu biyu ɗaure cikin leda. Ta ɗaga kai ta ga ƙato a bisanta da rabin gemu. Ta ƙwala ihu, ta kifa ƙwarya a ka, ta nufi ɗaki tana tsalle a kan dugadugai.

A kusurwar da gidajen suka haɗu akwai zanko, ƙahon ginin nan da ake yi wa soraye, an ɗaure masa doguwar sandar ƙarfe. A kan sandar akwai wani farin abu kamar faranti, waya ta sauka daga jikinsa zuwa gidan Alhaji. Zakariya'u ya tofa yawu a tafi, ya kama sandar, ya ce bismillah, ya jijjiga. Ta ƙi. Ya dafa ƙafa a zankon ya ja da ƙarfinsa duka. Sandar ta taho, zankon ma ya taho. Zankon ya gangara ta gefen Alhaji ya faɗa tim a kan randa. Wanda ya san wahalar ruwa a Damagaram ya san abin da aka yi wa gidan nan.

Daga ɗaki Lubabatu ta yi kururuwa, "Sunan ya ɓace!"

Zakariya'u ya ɗaga sandar sama. "Allahu akbar! Na kore shi! Duba da kyau, yanzu namu zai fito."

"Babu komai!"

"Ki ba shi lokaci, ya daɗe a ɓoye."

Kafin ka ce me, lungu ya cika, zaure ya cika. Alhaji Safiyanu ya baro shago, awon yadi na rataye a wuyansa. Dattijo ne mai sanyin magana. Ya yi sallama ya shigo tsakar gidan Kaka, ya gaishe ta, sannan ya ɗaga kai.

"Zakariya'u, me sandata ta yi maka?"

Zakariya'u ya kau da fuska. "Ɗan Azumi, gaya wa mutumin nan ya kwashe rezonsa daga ɗakin kakata."

Ɗan Azumi ya ce, "Alhaji, wai ka kwashe rezonka."

"Ai ya kwashe mini. Tambaye shi randata fa?"

"Wai randarsa fa?"

"Gaya masa randa ce ta tsaya a hanyar aiki."

Ana cikin haka salular Lubabatu ta yi ƙara. Ta sa a kunnen Kaka, ta buɗe murya. Ummul Khairi ce, maganar na yankewa. "Kaka... liman ya zo... mutane sun taru... ba mu gan ku ba..." Sai ta katse.

Kaka ta riƙe salular da hannu biyu tana kiran "Ummu, Ummu," ba amsa. Hawaye ya gangaro mata. Ni dai tunda nake ban taɓa ganin Kaka Kaltuma ta yi kuka ba, ko ranar da aka fita da mijinta. Tausayinta ya kama mu duka, dariyar da muke ƙunshewa ta tafi.

Ta share ido da gefen mayafi, ta sa aka fito da ita bakin ƙofa, ta ɗaga kai.

"Kai mai sanda. Tun safe nake neman ka fita in rufa maka asiri, ka ƙi. To buɗe kunnenka. Akwatin nan naka, tun ranar da ka kawo shi ba abin da ya iya sai ƙifta ido. Da ka fita ranar na zauna gaban ordinatar har la'asar, ba Ummu ba labarinta. Na buga bango, Barira ta zagayo, ta danna mini lambobin gidansu. Yadda in wutar girki ta mutu ake aikawa maƙwabta a ɗebo garwashi, haka na ɗebo. Ita ma in turarenta ya ƙare, ta saman katangar nan take miƙo kasko. Ku maza kuna can kuna gabarku, mu muna nan muna zamanmu."

Wata mata ta ɗauki akwatin ta jujjuya ta ce, "Af, ai irin na telenmu ne, wanda ke kamo tashoshi."

Zakariya'u ya yi ta maza ya ce, "To... to an ci amanar mai gida! Ba da saninsa aka ɗiba ba. Ɗan Azumi, ba shi haƙuri a madadin mata."

Alhaji ya ce, "Da sanina. Namu akwatin a zaure yake da. Barira ta ce hoton na tsayawa Kaka ba ta ganin yarinyar sosai, na sa aka maido shi jikin bangon ɗakinta. Kaka ta goya ni ina yaro, Zakariya'u. Indararo bai kai nan ba."

Ɗan Azumi ya ɗaga kai. "In maimaita maka, ko ka ji?"

Ba wanda ya tsaya jin amsarsa, don Lubabatu ta ce batir ya yi ja. Alhaji ya ɗaga murya ta saman katanga ya gaya wa Barira ta duba akwatinsu. Ashe fizgar da aka yi wa sandar ce ta zare shi daga kuran. Ta mayar, SAFIYANU ya dawo. Aka jefo ralanj daga gidan Alhaji ta kan katanga aka jona ordinatar, wato kuran ma nasa. Barira ta shigo da ledojinta a ƙafa, ta harari sama, ta durƙusa ta danna lambobin. Ta kira Ummul Khairi. Kiran bai tafi ba.

Alhaji ya ce, "Ba zai tafi ba. Farantin nan sai ya kalli dogon ƙarfen rezo da ke bayan duwatsu, in ya karkace ko kaɗan shi ke nan. Zankon da ke riƙe da shi kuwa yana cikin randata."

Wani ya ce a kira magini. Wani ya ce kafin laka ta bushe yaron ya fara rarrafe. Sai kowa ya ɗaga kai sama a lokaci ɗaya.

Zakariya'u ya ce, "Me kuke kallo?"

Kaka ta ce, "Zanko muke kallo. Miƙe da kyau."

Haka aka yi. Ya kafa gindin sandar tsakanin ƙafafunsa, ya rungume ta. Barira na gaban ordinatar tana faɗa, Lubabatu na bakin ƙofa tana miƙawa, Ɗan Azumi na gindin tsani yana kwararawa.

"Dama!"

Ya juya.

"Damarka, ba ta Alhaji ba!"

"Ai na sani, gwaji nake."

"Ɗaga sama kaɗan. Ya yi yawa. Dawo. Tsaya nan! Kada ka motsa!"

"Dama nan na yi niyyar..."

"Yi shiru, in ka yi magana rawa yake!"

Sai ga muryar Ummul Khairi ta cika ɗakin, tar kamar tana bakin gado. Kaka ta ce a dakata. Ta sa Lubabatu ta kawo garwashi, ta barbaɗa turare, ta tura kaskon ƙarƙashin tebur, ta gyara ɗaurinta. Sannan ta matso da fuskarta har hancinta na neman taɓa gilashi. Aka ɗago jaririn, naɗe cikin farin zane, yana ta tsala kuka. Kaka ta sa yatsa tana shafa kumatunsa ta jikin gilashin, tana yi masa wasa da Barbarci, tana dariya hawaye na zuba. Mata suka cika ɗakin, mu maza muna leƙe ta taga.

A sama kuwa rana ta take. Ranar azahar ta Damagaram ba ta san shadda ba. Gumi ya jiƙa shi sharkaf, ƙarfen ya yi zafi, ƙuda ya sauka a hancinsa ya yi zamansa. Da ya hura masa iska sai a yi ihu daga ƙasa, "Ya tsaya! Riƙe da kyau!"

Limamin can ya yi addu'a, muka shafa. Ya faɗi sunan. Guɗa ta tashi a ɗakin Kaka har awaki suka firgita.

Zakariya'u na jin guɗa ya saki sandar ya ɗaga hannu biyu. "Takwara! Allah ya raya mini takwara!"

Hoton ya ɗauke. Gidan duka ya ɗauki ihu, har Kaka. Ya cafko sandar tana shirin faɗuwa, aka sake dama da hagu, hoton ya dawo.

Ya sunkuyo da kai a hankali ya ce, "Ɗan Azumi, an raɗa ko?"

"An raɗa."

"Zakariya'u ƙarami."

"Ka yi kusa. Bango ɗaya ne tsakani."

"Kamar yaya?"

"Safiyanu."

A cikin ɗaki Ummul Khairi na cewa, "Kaka ta gaya mini tun tuni. Baba Alhaji, ba don kai ba da na haihu ban ga fuskar Kaka ba tsawon shekarun nan. Ba mu da abin da za mu saka maka da shi sai wannan." Alhaji yana tsaye a bakin ƙofa. Ya cire hula, ya mayar, ya goge ido da awon yadin da ke wuyansa.

Daga sama ba mu ƙara jin komai ba. Wannan shi ne shiru mafi tsawo da aka taɓa ji daga Zakariya'u, kuma hoton bai ƙara rawa ba ko sau ɗaya. Kaka ta ce kada wanda ya ce ya sauko, ba ta gama ba. Sai da ta gaisa da surukai, ta ga ɗakin mai jego, ta yi faɗa a kan ruwan wankan da ta ce bai yi zafi ba.

Can Alhaji ya aika gidansa aka kawo ruwan sanyi a moɗa. Ya tattare riga, ya hau tsanin da kansa yana nishi. Muka zuba ido. Ya tsaya a gaban Zakariya'u, jikinsa ya tare masa rana, ya miƙa moɗar. Zakariya'u ya dubi ruwan, ya dubi hannayensa biyu da ke kan sanda. Alhaji ya kafa masa moɗar a baki. Ya shanye tas, har yana zuba a ragowar gemun.

Alhaji ya ce, "Kawo in riƙe maka, sauka ka ga yaron."

Zakariya'u ya yi gyaran murya. Bai nemi Ɗan Azumi ba. "A'a, Alhaji, bar shi. Aikin nan ba kowa ke iya shi ba, sai wanda ya san kan rezo."

"Haka ne."

Kukan jaririn na tasowa daga ƙasa. Sai Zakariya'u ya rage murya, don kada mu ji, amma mun ji.

"Alhaji... yaron, da wa ya yi kama?"

Alhaji ya kakkaɓe moɗar ya ce, "Da kai. Tun da aka nuno shi bakinsa bai rufu ba."